Shekarata 48, komai maigidana ne yake yi, yanzu ya rasu: ta ina zan fara koyon tsayawa da ƙafata?

Wata 'yar uwa ce ta aiko da wannan tambayar, a taƙaice ga abin da ta ce: shekara 26 suka yi da maigidanta, bara Allah ya yi masa rasuwa, kuma shi ne yake riƙe da komai, banki, takardun gida, mota, kuɗin wuta da na ruwa, ko famfo ne ya lalace shi yake kiran mai gyara. Yara sun girma kowa ya kama gabansa, yanzu abu kaɗan ya taso sai ta kira ɗanta ko ƙaninta, har ta fara jin ta zame musu kaya. Tana so ta sani, wai lokaci bai ƙure mata ba kuwa? In kuma za ta koya, da me za ta fara?

To 'yar uwa, Allah ya jiƙansa ya ba ki haƙuri. Na daɗe ina koyar da manyan mata irin waɗannan abubuwan, kuma wallahi kusan duk wadda ta zo da maganar da take farawa kenan, "ni fa Malama ban iya komai ba", tana faɗa tana sunkuyar da kai kamar wadda ta yi laifi. Ki daina faɗin haka don ba gaskiya ba ne. Abin da ya faru da ke rabon aiki ne. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, tun a shekarun 1980 ya yi bayanin yadda mutum biyu da suka daɗe tare suke raba abin da za su riƙe a kai, wannan ya riƙe wani wancan ya riƙe wani, kowa ya san in yana neman abu kaza wajen ɗan uwansa zai samu, sai su zama kamar rumbu ɗaya mai ɗaki biyu. Shi ya riƙe lambar asusu da ranar sabunta takardun mota, ke kin riƙe maganin da jikin kowane yaro ba ya so, da yadda kuɗin cefane zai kai ƙarshen wata, da wanda ya yi fushi a dangi da yadda za a shawo kansa. Da ke kika riga shi tafiya, da yanzu shi ne yake tsaye a tsakar gida bai san inda katin asibitin yara yake ba. Makullin ɗaki ɗaya ne ya ɓace miki, ba hankalinki ne ya gaza ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta matan da mazansu suka rasu sun kai miliyan 258 a duniya, shi ya sa tun 2011 ake tunawa da su duk ranar 23 ga Yuni. A matsakaici mata sun fi maza tsawon rai da kusan shekara biyar, ga shi galibi mijin ne ya girmi matar, don haka ko wadda mijinta yake raye lafiya lau in tana karanta wannan, maganar har da ita.

Batun ko lokaci ya ƙure, na san abin da za a ce miki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan a tarbiyya ne, ba a koyon abin hannu ba, kuma ai mu ɗin dai muka ce gemu ba ya hana ilimi. Wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ta yi aiki a kan direbobin tasi na Landan, waɗanda kafin a ba su lasisi sai sun haddace tituna kusan 25,000, abin da yake ɗaukarsu shekara uku zuwa huɗu. A binciken da suka fitar a 2011 an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu koyon kafin su fara da bayan sun gama, waɗanda suka ci jarabawar sai aka ga sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar wurare ya ƙaru, kuma duk manya ne, ba yara ba. Ba zan ɓoye miki ba, a shekarunki sai kin maimaita abu fiye da yadda 'yar shekara 18 za ta maimaita, amma kina da abin da ba ta da shi, kin san dalilin da ya sa kike koyo kuma kin san mutane.

Akwai abu biyu da suke shigar burtu a wannan shekarun, mace ta ɗauka kanta ne ya toshe alhali ba shi ba ne. Na farko ido. Daga shekara 40 zuwa 45 ganin kusa yake fara raguwa a kusan kowa, halitta ce. Na taɓa samun wata a aji, sati uku muna fama da ita a kan tura kuɗi ta waya, kullum sai ta danna inda ba nan ba, har ta ce ita ta haƙura kanta ba ya ja. Ranar na zauna gefenta ina kallonta, sai na lura tana miƙa wayar can nesa tana ƙanƙance ido, na karɓa na ƙara girman rubutun na ba ta aron gilashin karatuna, ta duba ta yi shiru, sai ta ce "au, dama rubutu ne a wurin nan?" A ranar ta tura da kanta. Don haka ki je a auna idonki kafin komai. Na biyu ɗaukewar al'ada, wadda galibi take zuwa tsakanin shekara 45 da 55, tana zuwa da rashin barci da zafin jiki mai tasowa da dare da yawan mantuwa, ga kuma baƙin cikin rashi wanda shi kansa yana cinye hankali. In kin ga kin karanta abu sau uku bai zauna ba, ki duba ko kin yi barci jiya, in abin ya yi yawa ki ga likita, akwai taimako.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe a duk maganar nan. Babban abin da yake hana mata irinki koyo ba maƙiyi ba ne, masoyi ne. Ɗanki ne da zai ga kina lalube a waya tausayi ya kama shi ya ce "Mama kawo in yi miki", cikin minti ɗaya ya gama ya miƙo miki, kin gode masa, kuma ba ki ƙaru da komai ba sai ƙarin yarda cewa ke ba za ki iya ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya rubuta a 1977 cewa yardar mutum da cewa zai iya abu tana da tushe kala-kala, amma mafi ƙarfinsu shi ne ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu, sai kuma ya ga wani irinsa ya yi. Lallashi da "ai za ki iya" suna baya. Shi ya sa a ajina doka ɗaya ce ba na sassautawa, mai koyarwa hannunsa a baya, baki kawai. Ki zaunar da ɗanki ki gaya masa da daɗin rai, ki ce daga yau in na kira ka, ka faɗa min in yi, ko zai ɗauke ni minti ashirin kar ka karɓa. Ki samu littafi guda ɗaya, ki rubuta kowane mataki da kalmominki ba nasa ba, gobe ki sake yi ke kaɗai, bayan kwana uku ki sake, bayan sati ki sake. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi zama ɗaya mai tsawo.

Ta ina za ki fara? Ba da abin da ya fi burgewa ba, da abin da in kika jahilce shi za a iya cutarki, wato takardu da kuɗi. Ki tattara duk wata takarda da take gidan wuri ɗaya, ta gida ko ta haya, ta mota, ta fansho, ta inshora in akwai, shaidar aure, shaidar rasuwa, rasit na makaranta, duk wata yarjejeniyar bashi, wanda ake binsa da wanda yake bi. Ki ɗauki hoton kowacce da waya, ki yi kwafi, na asali kuma kar su bar hannunki sai in hukuma ce ta nema, shi ma ki karɓi shaidar cewa kin bayar. Akwai abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa kuma yana jawo wahala sosai, layin wayar mamacin. Sau da yawa asusun banki da imel da biyan kuɗin wuta duk a kan wannan layin aka ɗaura su, kuma kamfanonin waya suna rufe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba har su ba wani. Kar ki bar shi ya mutu, kar ki ba yaro ya riƙa wasa da shi, har sai an gama mayar da komai kan naki. Amma fa riƙe layin ba yana nufin ki riƙa cire kuɗi daga asusunsa ba, wannan akwai ƙa'idarsa ta gado da ta banki, ki je da shaidar rasuwa su gaya miki matakan.

Ki kasance da asusu da sunanki, lambar sirrinsa ke kaɗai kika sani. Rahoton Bankin Duniya na 2021 ya nuna kashi 74 cikin 100 na mata a duniya suna da asusu, maza kashi 78, sai dai abin da nake gani da idona shi ne mace tana da asusun amma katin yana aljihun wani, alat ɗin yana shiga wayar wani, to wannan sunanta kawai aka ara. Babu bankin da zai kira ki ya tambayi lambar sirrinki ko lambar nan da ake turowa ta saƙo, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne komai daɗin muryarsa, kuma alamarsu ɗaya ce, gaggawa, yanzu-yanzu za a rufe asusunki, yanzu-yanzu damar za ta wuce. Ki kashe wayar ki je bankin da ƙafarki. Akwai jimla ɗaya da nake sa ɗalibaina su maimaita da ƙarfi har bakinsu ya saba, "bari in je da ita gida in duba, zan dawo." Duk takardar da aka miƙo miki a ce sa hannu nan, ko ɗan uwa ne na jini ya miƙo, wannan ce amsarki. Mai gaskiya ba ya jin haushin a ba shi kwana biyu. Kuma shawarata, in ba dole ba, kar ki sayar da gida ko fili ko ki zuba kuɗi a wata harka a wannan lokacin da zuciya ba ta gama natsuwa ba, domin lokacin ne masu "ga wata dama" suke yawaita.

Ki koyi lissafin kuɗin ruwa ko da ba ki da niyyar cin bashi, don ki gane tarkon in an ɗana miki. In aka ce kashi 5 cikin 100 a wata, kunne yana jin kamar kaɗan ne, amma a shekara kashi 60 ne, in kuma ruwan yana hawa kan ruwa ya kusa kashi 80. Kullum ki tambaya, a ƙarshe gaba ɗaya nawa zan biya? Sannan wata ɗaya cur ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki komai ƙanƙantarsa, ba don ki takura kanki ba, don ki san nawa rayuwarki take ci, daga nan sai ki fara tara abin da zai riƙe ki wata uku ko da babu abin da ya shigo. Ba a rana ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan.

Sai gida. Wuri uku nake so ki sani a satin nan, ki je ki taɓa su da hannunki: babban makullin da yake tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya, akwatin wuta inda fis da manyan makunnai suke, da kan silindar gas in kina amfani da shi. Makulli mai murɗawa, in kika juya shi dama yadda hannun agogo yake tafiya ya rufe, hagu ya buɗe, haka yawancin notuna da famfuna suke. In kika ji warin gas kar ki kunna ko ki kashe wani makunni, kar ki kyasta ashana, ki rufe silindar ki buɗe tagogi ki fita. In mai ya kama da wuta a tukunya kar ki kuskura ki zuba ruwa, tashi zai yi ya watsu, ki kashe murhun ki rufe tukunyar da murfi. In wutar lantarki ta kama mutum kar ki taɓa shi da hannu, ki kashe babban makunnin tukuna. Waɗannan ba su kai minti goma ba a koya, amma rai suke ceta.

Kayan aiki kaɗan sun isa, sukundireba mai baki ɗaya da mai kuros, filaya, sifana mai daidaitawa, guduma, tef na awo da tocila mai kyau, naki na kanki, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Aikin da nake fara ba ɗalibaina shi ne famfo mai ɗiga, don a famfo mai murɗawa yawanci wata 'yar roba ce a ciki ta cinye. Ba na mantawa da wata mai shekara hamsin da 'yan kai, ta rufe ruwan, ta kama sifanar hannunta yana rawa, notin ya ƙi motsi ta ɗago ta kalle ni, na ce ki ƙara ƙarfi ba zai fashe ba, ta cije leɓe ta danna sai ya saki. Ta zaro robar ta ɗora a tafin hannunta, baƙa, ta tsage gefe guda, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, ta daɗe tana kallonta, sai ta ce wata bakwai tana kwana da ƙarar ɗigar nan tana jiran a zo a duba mata. Da ta mayar da sabuwa ta buɗe ruwa ba ɗigo ko ɗaya, sai da ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Sati biyu bayan nan ita ce ta je banki ita kaɗai ta gyara matsalar da ta yi shekara tana gudu. Haka abin yake, ƙaramin aiki ɗaya yake buɗe sauran.

Amma ki san iyaka. Wayoyin wuta na cikin bango, gyaran gas, hawa rufin ɗaki, waɗannan na masu sana'ar ne. Abin da za ki koya a nan shi ne yadda ake mu'amala da mai gyara: ya nuna miki abin da ya lalace da yatsa, ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ki ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin babban aiki, kar ki biya duka kafin a gama, kuma tsohon abin da ya cire ya bar miki shi. Mai gyaran da ya ga kina tambaya kina rubutawa, lissafinsa yana canzawa.

Mota kuwa in akwai, ki shiga makarantar koyon tuƙi, kar ki bari ɗan uwa ya koya miki, faɗa za ku yi. Ki iya duba gejin baƙin mai da iskar taya, ki san ba a buɗe lagireto mota na da zafi, in za a canza taya ana sassauta notuna tun tana ƙasa kafin a ɗaga jak.

Lafiyarki ma tana cikin dogaro da kai, kuma mata sun fi sakaci a nan don sun saba kula da kowa ban da kansu. Ki san sunan duk maganin da kike sha da dalilinsa, ba "ƙaramin fari na safe" ba. Ki san awon jininki, in yana kai 140 bisa 90 ko sama a awo daban-daban to hawan jini ne, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Ki san alamun shanyewar ɓarin jiki, fuska ta karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, wannan asibiti ne nan take ba jira. Sannan ƙarfin jiki, bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana saurin raguwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a sati da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, ko tashi da zama daga kujera ne sau goma-goma ki fara da shi, don macen da take iya ɗaga kayanta ta hau bene da kanta ta rage kiran mutane da yawa.

Kin ce kina jin kin zame wa ɗanki kaya. Ina ganin da za ki tambaye shi ba haka zai ce ba, wataƙila ma ya ji babu daɗi in kika daina kiransa, don shi ma uba ya rasa kuma hidimarki ce take sanyaya masa rai. Don haka kar ki yanke shi, ki canza abin da kike nema a wurinsa, daga "zo ka yi min" zuwa "zo ka ga abin da na yi, daidai ne?" Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni ban taɓa koya wa mace ta daina neman taimako ba, abin da nake so shi ne in kin nema ya zama kin san me kike nema, kuma in ba a samu zuwa ba ranar, gidanki ba zai tsaya ba. In kin samu mata biyu ko uku sa'anninki masu irin halin da kike ciki ku riƙa haɗuwa, wadda ta iya waya ta koya wa wadda ta iya lissafi, ya fi kowane aji, don a gabansu ba za ki ji kunyar tambaya sau biyar ba.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai game da tattara takardun nan, don na ga ya kayar da mata da yawa. Ranar da za ki buɗe durowarsa za ki ci karo da rubutun hannunsa, da tsohon rasit na abin da ya taɓa saya miki, wataƙila da ƙamshin turarensa a jikin fayil ɗin, kuma za ki ji kamar ki rufe ki bar shi sai wani lokaci. Kar ki yi aikin ke kaɗai, kar kuma ki yi shi da dare. Ki kira ƙawa ɗaya da kika yarda da ita ta zauna kusa da ke da safe, aikinta zama ne kawai, ke za ki ɗauko kowace takarda ki karanta ta a fili ki faɗi ta mece ce, wadda ba ki gane ba ki ajiye ta gefe ki sa mata alama. In kin yi guda goma kin gaji, ki tsaya a goman, ki saka ranar da za ku ci gaba kafin ta tafi.